Zare da Ƙugiya: Kayan Fatsa na Mai Ƙaramin Ƙarfi

 

Yau za mu yi magana ne a kan fatsa, watau kamun kifi da zare da ƙugiya, da yadda mai ƙaramin ƙarfi zai sayi kayanta ba tare da ya zubar da kuɗinsa a banza ba. Wataƙila wani zai ce, “Ni manomi ne, ina ruwana da sana'ar masunta?” To, ka yi haƙuri ka ji. Ba mu ce ka bar fartanya ba. Amma ka tuna da watannin rani, sa'ad da aikin gona ya ƙare, nama ya yi tsada, miya ta koma kuka da daddawa kaɗai. Kifi biyu ko uku a tukunya ba ƙaramin abu ba ne ga yara masu tasowa da mace mai goyo.

Kakanninmu na Dutsin-Ma da Kurfi ba su da babban ruwa. Gulbi ya kan cika da damina, da rani ya koma yashi, sai 'yan tafkuna da kududdufai. A shekarar 1983 aka gama gina madatsar ruwa ta Zobe a kan gulbin Karaduwa, kudu da garin Dutsin-Ma. Tsawon ginin mita 2,750 ne, tashinsa sama kuwa mita 19. Ruwan da ya taru a bayansa ba ya ƙafewa, damina da rani. Mutanen Garhi da Makera da sauran ƙauyukan gefen ruwa sun daɗe suna cin moriyarsa. Akwai tarwaɗa, da karfasa, da ƙurungu, da ragon ruwa, da kawara. Ku mutanen Kurfi, naku ruwan bai kai wannan ba, amma tafkin da ya riƙe ruwa har kaka ba ya rasa tarwaɗa, kayan da za mu faɗa kuwa iri ɗaya ne.

Masunci na sosai yana da jirgi, da kalli, da birgi. Waɗannan kaya ne masu cin kuɗi, ba su mu ke nufi ba. Mai fatsa abu biyar kurum ya ke bukata: zare, da ƙugiya, da sanda, da ɗan abu mai nauyi da zai ja zaren ƙasa, da ɗan abu marar nauyi da zai tsaya bisa ruwa ya nuna masa kifi ya taɓa. Cikin biyar ɗin nan biyu kaɗai a ke saye. Sauran ukun suna nan a gidanka ko a bayan gari.

Mu fara da zare, gama shi ne uban tafiya.

Mutanen da su kan murza zarensu da kansu, na auduga, ko na rama, ko na ɓawon tumfafiya. Yana aiki, amma ya kan sha ruwa ya ruɓe, kifi kuma yana ganinsa. A 1935 aka ƙago nailan a Amurka, a 1939 aka fara sayar da zaren kamun kifi da aka yi da shi. Shi ne wannan farin zare mai santsi da a ke kawowa kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, wanda waɗansu ke ce wa zaren roba. Ba ya ruɓewa, cikin ruwa kuma da ƙyar a ke ganinsa.

To, ga inda karatunku zai yi muku rana. Ko wane ƙunshin zare yana da takarda manne a jikinsa, da lamba a rubuce. Za ku ga an sa 0.20, ko 0.30, ko 0.40, ko 0.50. Ga yadda a ke karanta ta biyun: sifiri, ɗigo, uku, sifiri. Wannan lamba kaurin zaren ta ke faɗi, da awon milimita. Don ku gane ƙanƙantar milimita, kaurin tsinken ashana wajen milimita 2 ne. Lamba in ta ƙaru, kauri ya ƙaru, ƙarfi ma ya ƙaru. Sabon zare mai kyau na 0.20 ya kan ɗauki wajen kilo 3 kafin ya tsinke. Na 0.30 wajen kilo 6. Na 0.40 wajen kilo 10. Na 0.50 wajen kilo 15. Sau da yawa a kan rubuta kilo ɗin ma kusa da lambar, da harufa biyu, k da g. Tsawon zaren kuma yana nan a rubuce, lamba da harafin m a bayanta, kamar 100 m, watau mita 100.

Wanda bai iya karatu ba, abin da mai tebur ya miƙo masa shi zai karɓa. Kai da ka iya, sai ka ce, “Malam, ba wannan na ke so ba, miƙo mini wancan mai 0.30.”

Wanne za a saya? Yawancin masu koyo kuskurensu ɗaya ne: su kan sayi mafi kauri, wai don kada babban kifi ya tsinke musu. Su zauna tun hantsi har la'asar, ko taɓawa babu. Ai Hausawa sun ce, kifi na ganinka mai jar koma. Karfasa tana da ido, tana da tsoro, da rana kuma ta ke kiwo. In ta ga zare kamar igiyar guga, ba ta kusantarsa. Ita da kawara, 0.20 ko 0.25 ya ishe su. Tarwaɗa kuwa ba da ido ta ke neman abinci ba, da gashin bakinta ta ke lalube a ƙasan ruwa, ta fi fita da magariba da asuba. Kaurin zare bai dame ta ba, ga ta da ƙarfi da son shiga ƙarƙashin kututture. Ita sai 0.40. In kuɗinka na ƙunshi ɗaya ne tak, shawararmu ka sayi 0.30. Karfasa ba ta gudunsa ƙwarai, tarwaɗa matsakaiciya kuma ba ta tsinka shi, in dai ba ka fizge ta da ƙarfi ba.

Amma fa lamba ba ta faɗin tsufa. Babban abokin gābar nailan rana ce. Zaren da ya yi wata da watanni a shanye bisa tebur, rana na dukansa, ya mutu tun bai ga ruwa ba, ko da takardarsa ta ce kilo 10. Saboda haka ka duba da kyau. Sabon zare yana da sheƙi da laushi. Tsoho ya kan dushe, in ka ja shi tsakanin yatsu biyu sai ka ji kaushi, wani lokaci ma ya bar maka farin gari a hannu. Ka roƙi mai kaya ya bar ka ka warware kamu ɗaya, ka ƙulla shi sau ɗaya, ka naɗe bakin a tsumma don kada ya yanke ka, ka ja. In ya tsinke nan da nan, ajiye masa abinsa, ko nawa ya rage maka. Araha ba ta ado. Ka nemi wanda ya fito daga cikin kwali, ba na saman tebur ba.

In ka kai gida kana iya gwada gaskiyar takardar. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Zuba lita 4 a bokiti, ɗaura zaren 0.30 a mariƙin, naɗe ɗaya bakin a sanda, ka ɗaga sannu a hankali. Zare mai rai zai ɗauke shi. In ya kasa, ka san inda ba za ka koma saye ba.

Bari mu ɗan ratse mu ba ku labarin wata irin fatsa ta Turawa, don akwai abin koyo a ciki. A Ingila da Amurka akwai wani kifi na ruwan sanyi mai gudu, wanda babu irinsa a ruwan Katsina, yana son cin ƙwari a saman ruwa. Sai su ɗauki gashin tsuntsu su ɗaura a ƙugiya da zaren ɗinki, ya fito kamar ƙuda ko fara. Wannan ƙudan ƙarya ba shi da nauyin da za a jefa shi nesa. Saboda haka zaren ne su ka yi wa nauyi: shi a ke wurgawa kamar bulala, ya ɗauki ƙudan ya kai shi. A 1961 masu yin kayan a Amurka su ka daidaita lambobin irin wannan zare bisa ga nauyin ƙafa 30 na farkonsa, ko wace sanda kuma da lambar zaren da ya dace da ita. A ƙasar Kenya har sana'a ce, mutane da yawa suna ɗaura irin ƙudajen nan da hannu ana kai wa Turai. Kayan suna da tsada ƙwarai, ba mu ce ku neme su ba. Abin da mu ke so ku riƙe shi ne, ko can masana su kan ce wa mai koyo ya rage kuɗin sanda ya ƙara a zare. Dabarar kuma ba baƙuwa ba ce a nan. Duk yaron da ya taɓa soka fara a ƙugiya ya ajiye ta bisa ruwa ya ga yadda kawara ke kawo mata hari. Wanda ke da gashin zabo da zaren ɗinki ya gwada, ba abin da zai yi hasara.

Sai ƙugiya. A nan ku buɗe kunne, gama lissafinta a juye ya ke. Ta zare, lamba in ta ƙaru kauri ya ƙaru. Ta ƙugiya kuwa, lamba in ta ƙaru ƙugiyar ƙanƙancewa ta ke yi. Lamba 14 ƙarama ce, lamba 6 babba. Mutum ya kan aiki yaro ya ce a sayo masa “babbar lamba”, a kawo masa 'yar mitsitsiya, ya hau faɗa, alhali kuwa yaron ya yi daidai. Lambobin wani kamfani su kan ɗan bambanta da na wani, don haka ka haɗa karatu da ido. Bakin karfasa ƙarami ne, ƙugiyarta kada ta wuce faɗin farcen ƙaramin yatsanka. Bakin tarwaɗa kuwa kamar jaka, tana ɗaukar wadda ta kai gaɓar yatsa. In kana shakka, ɗauki ƙaramar. Ƙaramar ƙugiya ta kan kama babban kifi, amma babba ba ta shiga ƙaramin baki.

Masunta sun daɗe da sanin ƙugiyar Mustad, ta ƙasar Norway, mai hoton makulli a kwalinta. Akwai waɗansu ma masu kyau. Sai dai ko wane kaya mai suna ba ya rasa jabu, saboda haka kada hoton kwali ya ishe ka. Ɗora tsinin a kan farcen babban yatsa ka ja kaɗan. In ya kama farcen, tana da kaifi. In ya zame, dakusassa ce. Sa'an nan ka gwada buɗe ta da yatsu. Mai kyau ta kan ɗan motsa ta koma yadda ta ke. Wadda ta miƙe kamar waya, ko ta karye kamar ƙaya, ranar da babban kifi ya zo ranar za ta ba ka kunya. Mai tsatsa kuwa ko kyauta kada ka karɓa.

Ɗaurin ƙugiya shi ne inda zare ya fi tsinkewa. Zura bakin zaren ta idon ƙugiya, naɗe shi a jikin uwar zaren sau 6, komo da bakin ta 'yar ƙofar da ta rage kusa da idon. Kafin ka ja, jiƙa ƙullin da yawu. Nailan in an ja shi a bushe ya kan yi zafi ya raunana. Waɗansu ƙugiyoyin ba su da ido, sai kai mai faɗi. Irin waɗannan a wuyansu a ke naɗe zaren, wannan kuwa sai an gani da ido. Ku sami tsohon masunci ku gaishe shi, zai nuna muku.

Ga wata dabara mai ceton kuɗi. Kada ka ɗaura ƙugiya a kan uwar zare kai tsaye. Sa guntun zare kamu ɗaya, wanda bai kai uwar kauri ba, tsakaninta da ƙugiyar. Ƙasan ruwa cike ya ke da duwatsu da kututture. Ran da ƙugiya ta maƙale, ɗan ne zai tsinke, uwar ta komo maka lafiya. Masu mamari, watau doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, haka su ke yi.

Sauran kayan ba sai mun daɗe a kansu ba. Sanda, ka sami gora busasshiya, miƙaƙƙiya, tsawon gaba biyu, mai laushin kai. Ku lura da wannan kalma, ku 'yan makaranta: gora ta sanda da gora na duma, wanda masunci ke hawa ya yi iyo, rubutunsu ɗaya ne, murya ce ta raba su. In ba gora, ko wane reshe mai lanƙwasa ba ya karyewa ya isa. Mai neman tarwaɗa ma ba ya bukatar sanda. Ya naɗe zarensa mita 20 a jikin gwangwani ko kwalba, ya wurga, zaren ya warware da kansa. Abin nuna taɓawa kuwa, guntun kara ko ɗan yankin tsohon silifa. Akwai sanduna na kanti masu ƙarfen naɗe zare, ana samunsu a Katsina da Kano. Suna da kyaun gani. Amma masu arahar cikinsu, yashi kaɗan ya shiga ƙarfen sai ya cije, ba kuwa mai gyara a ƙauye. A ganinmu wanda bai kama kifin da ya biya kuɗin zarensa ba tukuna, bai kamata ya dube su ba.

Abu mai nauyi, a nan za mu ja kunne. An saba sa dalma. Dalma guba ce. Kada ka matse ta da haƙori, kada ka bar yaro ya yi wasa da ita. Kada kuma ka fasa tsohon batirin mota ka narke dalmarsa a cikin gida, kusa da murhu da tukwane. Ku tuna da abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Tsohon noti daga wurin mai gyaran babur yana yin aikin nan daidai, ko ɗan dutse a ƙulle.

Abincin ƙugiya kyauta ne. Tana tana nan a gindin randa da bakin fadama, kusan ko wane kifi yana cinta. Gara da fara na karfasa da kawara ne. Tarwaɗa kuwa ba ta ƙin hanjin kaza.

Yanzu mu zo ga kuɗi. Ba za mu faɗi farashi ba, gama na wannan Laraba ba shi ne na Laraba mai zuwa ba. Amma ga lissafi. Mai saye ɗai-ɗai shi ya fi kowa biya da tsada. Kwalin ƙugiya guda 100 ne. Ƙunshin zare sau da yawa mita 100 ne. In ku biyar ku ka haɗa kuɗi, kowa ya sami ƙugiya nawa? Ashirin. Zare fa? Mita 20. Wannan ya ishi mai fatsa farawa. In kun sayi zare iri biyu da ƙugiya iri biyu, kowa ya tashi da kayan karfasa da na tarwaɗa, a kan kuɗin da ba zai ishe shi ba in shi kaɗai ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗayanku ya rubuta sunan kowa da abin da ya bayar a littafi, ya karanta a gaban sauran, don kada zumunci ya ɓaci a kan ƙugiya uku.

Wani zai zo ya ce zai ba ka kaya bashi, ka riƙa biya da kifi. Ka yi tunani tukuna. Wanda ya ba ka kayan shi zai yanka wa kifinka kuɗi, ba ka kuwa da bakin musu sai ka gama biya. Masunta da yawa sun shekara suna yi wa wani su ta wannan hanya. Kayan fatsa ba su kai a ci musu bashi ba. Gara ka sayar da kaza ɗaya.

In ka dawo daga ruwa, shafa zaren da yatsu, ka yanke inda ya yi kaushi, yawanci kamu biyu na wajen ƙugiya. Naɗe shi ka sa a jaka cikin ɗaki, ba bisa danga ba. Ƙugiyoyi ka shanya su su bushe, ka ɗiga musu man gyaɗa, ka rufe a gwangwani inda hannun yaro ba ya kaiwa. Guntayen zare kada ka yar a bakin ruwa, su kan sarƙe ƙafar tsuntsu da ta akuya.

Ruwa yana da masu shi. Kafin ka jefa ƙugiya a Zobe, je ka gai da Sarkin Ruwa na wurin, ka tambayi inda masunta su ka kafa kallinsu don kada ka sarƙe musu. Ka tambayi malamin gona na ƙaramar hukuma ko ana bukatar takardar izini. Gwamnati ma tana da doka, ta 1992, mai lamba 108. Ta hana kamun kifi da guba, da nakiya, da lantarki. Ta kuma hana taru ko kalli mai ido ƙasa da milimita 76, watau inci 3, sai waɗansu irin su kaɗan da ta keɓe. Gidan sauro ke nan bai halatta ba, an raba shi ne don zazzaɓi. Wanda ya zuba maganin ƙwari a ruwa kuwa, ya tuna ruwan Zobe ruwan sha ne: a 2021 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan famfo da a ke ja daga can. In ka kama karfasa ka ga bakinta cike da ƙwai, mayar da ita. Uwa ce, a baki ta ke renon 'ya'yanta. Mai son ƙarin bayani, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen ilmin kifi.

Ka kuma kula da kanka. Ƙurungu da tarwaɗa suna da ƙaya a kafaɗa, ka kama su ta bayan kai da tsumma. Ka yi fatsarka daga tudu, kada ka tsaya cikin ruwa mai ciyawa. Nan ne 'yan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya su ke zama, tsutsar kuwa ta fata ta ke shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, akwai magani. In ƙugiya ta maƙale a zurfi, tsinke zaren, kada ka bi ta. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kun san kuma halin da dajinmu ya shiga a shekarun nan. Tarwaɗa ta fi ci da dare, gaskiya ne, amma kada kowa ya tafi shi kaɗai, kada ya kai duhu, ya kuma ji ta bakin mai unguwa kafin ya nufi gefen da ba mutane.

Ga aikin da za ku yi kafin mu sake haɗuwa. Kowa ya rubuta lambobin nan huɗu a littafinsa: 0.20, 0.30, 0.40, 0.50, ya sa kilo ɗin ko wace a gabanta. Wanda ya je kasuwa ran Laraba ya tsaya wurin mai kayan su, ya kwafo abin da ke rubuce a ƙunshin zare ɗaya da kwalin ƙugiya ɗaya. Mai tsohuwar ƙugiya a gida ya zo da ita, da zare kamu biyu. Mu kuma za mu kawo bokiti da ruwa lita 4.

Allah ya kai mu. A sauka lafiya.